Yadda na tashi daga barga na zama direban motar dawaki

Assalamu alaikum jama'a. Mutane da yawa suna tambayata wai ya akayi yaron barga ya koma tuƙin tirela, to ga labarin nan tun daga tushe, wanda zai amfana Allah ya sa ya amfana.

Ni dai cikin dawaki na buɗe ido. Mahaifina Allah ya jiƙansa muri ne, a gidan wani basarake a ƙasar Zazzau yayi rayuwarsa kaf, shi ke ba dawaki dusa da kanwa, shi ke wanke su, ranar hawan sallah kuma tun asuba yana kan ɗaura sirdi da gyaran linzami. Tun ban kai in riƙe ragama da hannu ɗaya ba nake binsa barga. Da na gama sakandare babu halin ci gaba, sai wani ƙanin Inna ya kawo ni Kaduna wajen wani Alhaji mai buga ƙwallon dawaki, wato folo, akace ga yaro ya san doki. A nan na fara cin abinci da gumina.

Wanda bai san harkar folo ba bazai gane dalilin da yasa mota take da muhimmanci haka ba. Kowane ɓangare mutum huɗu ne, kowane zagaye na wasa wajen minti bakwai ne amma gudun da doki yake yi a cikin mintunan nan yafi ƙarfin ace shi kaɗai zai ƙare wasan, dole ana sauya shi, shi yasa ɗan wasa ɗaya zaka ganshi da dawaki rututu. Kuma gasar ba a gari ɗaya take zaune ba, yau Kaduna, gobe Kano, jibi Katsina ko Jos, sannan a gangara kudu Ibadan da Legas har Fatakwal. Abu ne mai tsohon tarihi, kulob ɗin Legas tun 1904 yake, kofin Georgian da ake bugawa a Kaduna tun 1919 ake fafatawa a kansa, Katsina kuwa tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka riƙe wasan nan da hannu biyu. Dattawan barga suna bamu labari cewa a zamaninsu a jirgin ƙasa ake saka dawaki. Mu dai bamu tarar da wannan ba, mu titi muka tarar, kuma rabin rayuwar dokin folo a kan titi take ƙarewa.

Lokacin da na zo maigidana bashi da motar kansa, haya ake ɗaukowa, irin manyan motocin nan da suke ɗaukar shanu ko buhunan masara, a zuba ƙasa da ɓuntun shinkafa a ƙasan bodi a gicciya katako a jera dawaki, mu kuma yaran barga mu hau baya tare dasu. A irin wannan tafiyar ne abin da ya juya min rayuwa ya faru. Muna hanyar Legas, akwai wata goɗiya 'yar Ajantina da ni nake kula da ita, mai hankali ce ƙwarai, in na shigo barga tun kafin inyi magana ta juyo. Direban yana sauri don shi kuɗinsa a kan lodi yake, so yake ya sauke mu ya ɗauko wani kaya ya juyo arewa. Mun wuce Mokwa kenan ya tarar da rami ya taka birki da ƙarfi lokaci ɗaya, duk dawakin suka tafi gaba suka dawo, ita kuma ƙafarta ta baya ta zame ta faɗi ƙarƙashin na kusa da ita, shi kuma ya firgita ya hau tattaka ta. Muna ta dukan bodi muna ihu amma ƙarar inji bata bari yaji ba, sai da wani mai mota a baya ya wuce shi yayi masa alama sannan ya tsaya. Kafin mu tashe ta jijiyar ƙafar ta riga ta yanke. Ta rayu amma bata sake shiga fili ba har abada. Wallahi ranar a bakin titi na zauna nayi kuka, kuma har yau in na bi wajen sai gabana ya faɗi.

Kuma ba wai direban mugu bane fa, ya bamu haƙuri har da rantsuwa. Shi dai bai taɓa sanin bambancin buhu da abu mai rai da yake tsaye da ƙafa huɗu ba, babu wanda ya taɓa koya masa.

Bayan wannan ne Alhaji ya yanke shawarar sayen motarsa. Aka kawo masa kan DAF na hannu daga Turai da doguwar bodi, aka kai wajen masu walda suka yanka ta ɗaki ɗaki, kowane doki da gurbinsa, aka shimfiɗa roba a ƙasa, aka buɗe tagogi ta sama don iska, aka yi mata ƙofar baya mai saukowa wadda doki zai taka ya hau. Aka ɗauko wani dattijo da ya shekara da shekaru yana jan tanka aka bashi makulli, kowa Baba yake ce masa. Ranar da na ga motar nan ta shigo na kasa barci. Washegari bayan la'asar na samu Alhaji na durƙusa nace ranka ya daɗe ina da magana, ina so a bani izini in zama yaron motar nan, aikin bargana bazan bari ba, zan haɗa biyun. Ya dube ni yace kai da ko keke ban taɓa ganinka a kai ba? Nace ranka ya daɗe doki na sani, motar ce zan koya, wani kuma motar ya sani dokin ne bai sani ba. Yayi shiru can yace je ka gaya wa Baba, in ya karɓe ka shikenan.

Baba bai karɓe ni da sauƙi ba. Na daɗe aikina wanke mota, duba ruwa da baƙin mai da safe, zagaya tayoyi da ƙarfe ina bugawa ina sauraron wadda iskarta ta ragu, saka waigi a tokare taya in an tsaya a gangare, matsa giris. Sitiyari ko taɓa shi bana yi. Abin da ya fara koya min shine birkin iska, yace wannan ba birkin ƙaramar mota bane, in ka tada inji sai ka jira tankunan sun cika allurar ta hau inda ya kamata kafin ka motsa, kuma in kana gangara kana ta tattaka shi ba dalili iskar ƙarewa take yi, sannan birkin yayi zafi ya daina kamawa, don haka giya ake sakawa mai nauyi tun kafin a fara gangaren ba a tsakiyarsa ba. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos da kaya ya san abin da nake faɗa.

Ni kuma abin da Allah ya bani sai na fara bashi, don Baba duk ƙwarewarsa ruwa ya saba ja. Shi ya gaya min ma cewa tanka in ba a cike take ba man yana tafiya gaba da baya yana tura mota, nace to Baba doki ma haka ne sai dai shi yana da tsoro kuma yana da ƙafar karyewa. Wata rana motar babu kaya muna dawowa daga wajen bakanike, sai ya tsaya yace in koma baya in tsaya a gurbin doki, in saka hannuwana a aljihu kada in riƙe komai. Ya ja mota. Jama'a ku gwada wannan ko sau ɗaya ne. Baka ganin titi, baka san yaushe kwana zata zo ba, baka san yaushe za a taka birki ba, sai dai kawai kaji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinka, gwiwoyina suka dinga rawa, kafaɗata ta bugu da ƙarfe, kuma a hakan tafiyar da yake yi bata kai rabin gudun da direbobin haya suke yi da mu ba. Da ya tsaya na sauko jiƙe da gumi, sai yace to gobe kai zaka ja a cikin fili ni zan tsaya a bayan. Kuma ya tsaya ɗin, dattijo da furfurarsa. Tun daga ranar tuƙinsa ma ya canza.

Sai maganar lasisi, wadda ita ce ta fi cin rai.

Farko dai sai da na shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta amince da ita, don yanzu in babu takardar makaranta ba a fara maka komai. Da kuɗin adashe na biya. Na fara da ajin B na ƙananan motoci, da shi nake ɗauko harawa da dusa a ƙaramar motar gidan. Amma mota mai kai da bodi ajin G ce, kuma lasisin tuƙin sana'a sai ka cika shekara 26, ni kuma lokacin ban kai ba. Nan ne shaiɗan ya dinga zuwa ta bakin mutane. Akwai masu tsayawa a bakin ofisoshi da tashoshi, suce kawo hoto da kuɗi kawai, sati ɗaya ka karɓi katinka, kowane aji kake so, shekarun ma a gyara maka. Abokaina da yawa haka suka yi kuma suna ta min dariya wai ina ɓata lokaci. Wani har gida ya biyo ni. Na gaya wa Baba, sai yace ɗana duk katin da ba a ɗauki hoton yatsunka a ofis ba takarda ce kawai, ranar da aka saka lambar a kwamfuta aka ga babu sunanka, ko Allah ya kiyaye aka yi haɗari, ranar zaka san ka sayi wahala da kuɗinka. Kuma ni a raina ina tuna goɗiyar nan, nace wanda ya karya ta ma ai yana da kati a aljihu. Na haƙura na jira.

Jiran bai tafi a banza ba, a cikinsa na koyi ribas. Wanda bai ja tirela ba bazai gane ba, in kana so bayan ya tafi dama sai ka fara juya sitiyari hagu, kuma in ka bari ta lanƙwashe da yawa kai da bodi sai su haɗe, babu gyara sai ka ja gaba ka sake. Baba yana jera min durom biyu a bayan barga da yamma in an gama ba dawaki abinci, yace in shigar da ita tsakani da madubi kaɗai, kada in leƙo da kai. Na koyi haɗa kai da bodi, yadda zaka ji ƙarar makullin ya kama sannan ka ɗan ja gaba kaɗan ka tabbatar, ka haɗa igiyoyin iska da na wuta, ka ɗage ƙafafun bodi. Da dare kuma ina karanta littafin dokokin hanya, wani ɗan maƙwabcinmu da yake jami'a yana fassara min inda turancin ya fi ƙarfina, alamomin titi kuwa sai da na zana su a kwali na manna a bangon ɗaki.

Da shekaruna suka cika sai na fara zirga zirga. Asibitin gwamnati don takardar lafiya, aka auna jini, aka gwada ido. Cike fom a intanet, biyan kuɗi a banki, a kai takarda ofishin haraji, a koma wajen jami'an gwajin tuƙi. Wani wajen kaje ace babu netwok, wani wajen ace mai sa hannu ya fita, ka dawo gobe, kuma duk wannan sai na gama sharar barga da asuba nake fita. Inna kuwa da taji tirela zan ja hankalinta ya tashi, tace duk sana'ar duniya ka rasa sai wadda ake kawo gawar mutum a tabarma? Sai da naje gida na zauna na gaya mata irin tafiyar da muke yi, cewa mu motarmu ko so muke bama gudu saboda abin da muka ɗauko, sannan ta sa min albarka tace Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Ranar gwaji da motar gidan naje, Alhaji ya bada izini, Baba ya kai ni ya sauka ya koma gefe ya zauna a kan benci da carbinsa. Jami'in ya fara da tambayoyi, alamomi, tazarar da ake bari, gudun da doka ta yarda wa tirela wanda ko a babban titi mai hannu biyu bai wuce kilomita 60 a awa ba, abin da zaka yi in mota ta mutu a kan hanya. Ya ce in nuna masa abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Sannan yace in hau. Na yi bismillah na tada inji na zauna ina jiran iska ta cika, shi kuma yana kallona baice komai ba, ashe wannan jiran ma yana cikin abin da yake dubawa. Muka fita titi muka zagayo, ya sa ni tsayawa a hawa in tashi ba tare da ta koma baya ba, muka dawo yace in yi ribas in shiga tsakanin wasu alamomi da aka jera. Tafin hannuna duk gumi. Na shigar da ita a hankali, ina gani a madubi tayar baya ta wuce alamar da kamar tafin hannu. Da na ja birkin hannu sai yace malam kai me kake ɗauka a motar nan ne naga kana taka birki kamar mai ɗauke da tiren ƙwai? Nace yallaɓai dawaki ne. Yayi murmushi ya sa hannu.

Daga nan aka ɗauki hotona da yatsuna a ofis, aka bani na wucin gadi mai kwana 60, daga baya katin ya fito. Ana yin na shekara 3 ko na shekara 5, ni na biyar nayi. Da na kai wa Baba ya juya shi gaba da baya yace to yanzu gwamnati ta yarda da kai, saura dawaki su yarda.

Tafiyata ta farko ni kaɗai a sitiyari Kano ce. Mun yi lodi tun kafin rana ta fito. Akwai wani ingarma da baya son hawa, yana zuwa bakin ƙofar sai ya kafe ya hau huci, yaran suka ɗauko bulala nace kada wanda ya taɓa shi, na sauko na karɓi ragamar na tsaya a gefen kafaɗarsa ina shafa wuyansa ina masa magana, ya sa ƙafa ɗaya ya ji ƙarar katakon ya janye, ya sunkuya ya shinshina, ya sake sakawa, na bashi lokaci har ya hau da kansa. Dokin da aka hau da shi da duka, duk tafiyar a firgice zai yi ta, kuma gobe sai ya fi haka gardama. Ingarma ba a jera shi kusa da goɗiya, waɗanda basa shiri a barga ma ba a haɗa su, masu nauyi kuma ana lura da inda aka ajiye su don kada mota ta rinjaya gefe ɗaya. Duk wannan babu shi a littafin tuƙi.

A hanya na rage gilas ɗina don in dinga ji. In dawaki suna lafiya shiru zaka ji sai ɗan motsi, in kaji ƙafa tana dukan ƙasa da sauri da sauri to ka san kwanar da ka sha ta yi musu tsanani. Wajen Kwanar Dangora wani mai adaidaita ya faɗo min ba sigina ba komai, abin da ya cece ni shine tun daga nesa na riga na cire ƙafa daga totur saboda na ga taron mutane, sai birkin ya zama a hankali na taka. Tuƙin dawaki kenan, idonka yana can nesa, kana fara tsayawa tun kafin dalilin tsayawar ya iso. Na baya suna ta hon suna zagi, wasu in sun wuce har da nuna min yatsu biyar, ban kula su ba. Muka isa muka sauke, babu wanda ya ƙuje ko gashi, kuma ingarman nan da yamma ya shiga fili.

Doguwar tafiya irin ta Legas ita ce jarrabawar gaske, mu bi Suleja mu shiga Lambata, Bida, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Kamar duk bayan awa huɗu nake neman inuwa in tsaya a basu ruwa su huta, don tsayuwar nan da suke yi suna daidaita jiki aiki ne, gajiya suke yi sosai, kuma da yawansu basa yin fitsari in mota tana tafiya. Ruwan ma daga gida muke ɗauko wani a jarkoki saboda akwai dokin da in ya ji ƙanshin baƙon ruwa bazai sha ba, in kuma bai sha ba ga busasshen abinci sai ciwon ciki, shi kuma doki baya amai, ciwon ciki yana iya kashe shi cikin dare ɗaya. Likitan dabbobinmu ya koya min kada a ɗaure kan doki sama tamau, a bar masa igiya yadda zai iya sunkuyar da kai, don in ya daɗe kai a sama ga ƙura ga numfashin 'yan uwansa, datti yana taruwa ya sauka huhu, bayan an isa da kwana ɗaya ko biyu sai kaga zazzaɓi. Shi yasa ma'aunin zafi yana cikin akwatina kusa da takardun mota, in na auna naga ya haura 38.5 ba jira, waya nake yi wa likita. Takardar likita ta dawakin ma bana tashi sai da ita saboda shingayen duba dabbobi a hanya. In mun shiga kudu kuma ga ƙudan tsando mai kawo sammore, bana tsayawa kusa da kurmi ko bakin rafi komai kyan inuwar.

Abin da yake damuna har yanzu shine duk gwajin da nayi babu tambaya ko ɗaya a kan dabba. Likitan nan ya gaya min a Ingila wanda zai yi sana'ar ɗaukar dawaki tafiyar da ta wuce kilomita 65 sai ya samu wata takardar shaida daban ta sanin kula da dabba, bayan lasisin babbar motar. Mu nan kullum kana ganin shanu da raguna an danna su a tirela wani kan wani, ga mutane a zaune a sama, rana tana dukansu tun daga arewa har kudu, wasu kafin a isa sun mutu. Ina roƙon masu dawaki don Allah in za ku ba mutum makullin motar dabbobinku ku duba cikin yaran bargarku, akwai masu hankali da in aka biya musu makaranta aka jira su suka yi lasisi na gaskiya za su riƙe muku amana, don su sun san sunan kowane doki da halinsa.

Baba ya ajiye aiki yanzu, ido ya fara bashi matsala, amma duk tafiya sai na kira shi kafin in tashi. Akwai yara biyu a bargarmu da nake koya wa, ɗaya ya riga ya yi ajin B yana jiran shekarunsa su cika, ɗayan har yanzu yana matakin waigi da giris, kuma dukkansu na riga na tsayar dasu a baya hannu a aljihu. Nan gaba kaɗan za mu sake gangarawa Legas da dawaki, ku saka mu a addu'a, musamman tsakanin Bida da Jebba.